Musayar waƙa: me ya sa labarin baƙin ciki ke mana daɗi?
(Aristo da Aflatun masana falsafa ne na tsohuwar Girka, Ibn Rushdi na birnin Ƙurɗuba a Andalus, Hegel na Jamus. Antigone kuwa wasan kwaikwayon Girka ne a kan wata mace mai wannan suna da aka hana ta binne ɗan'uwanta.)

Ɗan Rigasa:
Aristo ya ce ku zo ku kalla,
Wasan da ƙarshensa sai kuka,
Tsoro da tausayi in sun taso,
Su wanke zuci kamar ruwan marka.

Malamin Tudun Wada:
Ɗana, ka tsallake malaminsa,
Aflatun ne ya riga shi faɗaka,
Ya ce mawaƙa a fid da su birni,
Inuwar inuwa suke sayar maka.

Hajiyar Kawo:
Malam, in dai za a kori mawaƙa,
Kai ne farko, ɗauki jakarka,
Da waƙa kake zagin waƙa,
Kamar kaza, ka ci ka goge bakinka.

Na Kasuwar Barci: Sai Hajiya! Kawo ta gama magana.

Mai Aruli: Hajiya, layinki na huɗu ya yi nauyi, gaɓoɓi sun zarce. Wane kari kika hau?

Hajiyar Kawo: Karin kunne, ɗan'uwa. Rera shi ka ji.

Mai Aruli: Na rera, ya yi ɗingishi. Na Malam kuwa ya zauna daram.

Na Kasuwar Barci: Dama kai ɗan unguwarsu ne.

Ƙanwar Barnawa (ku yi haƙuri, sai yanzu wuta ta dawo):
Baba Malam, ga Ibn Rushdi,
Na Ƙurɗuba, ya yi sharhi ya daka,
Wasan takaici ya kira shi yabo,
Na raha zambo, irin na ƙasarka.
Hegel kuwa Antigone ya duba,
Sarki ya hana ta binne ɗan ɗaka,
Ita da gaskiya, shi da tasa,
Gaskiya biyu ne suka yi karo haka.

Mai Aruli: "Karo haka" cikon amsa-amo ne kawai, ƙanwata.

Ɗan Rigasa:
Ku bar awo, ku ji nawa zance,
Ran da muka kai Yaya, ban yi kuka,
Ni na riƙe makara ta gaba,
Ido a bushe har muka sauka.
Sai bayan wata, a wajen kallo,
Wata uwa ta riƙe rigar ɗanta tana shaƙa,
Nan hawayen suka ɓalle mini,
Malam, wannan ma inuwa ce a wajenka?

Malamin Tudun Wada: Allah ya jiƙansa, ɗana, ya sa ya huta. Baitin amsarka sai bayan Isha'i.