Sitiyarin motata na yin tauri da safe tunda sanyin nan ya shigo

Abban_Ummi:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu sanin harkar mota ku taimaka min. Corolla 2005 gare ni, ina Gusau, tunda hunturun nan ya kankama a Disamba in na tada ta da sassafe zan kai yara makaranta sai sitiyarin ya yi tauri kamar na tsohuwar tifa, in na karya kwana zan fita daga get kuma sai ka ji wani kuka wiiii daga cikin bonet. Amma kafin in kai Tudun Wada daga Samaru ya saki, da rana ma lafiya lau kamar ba ita ba. Wani ya ce famfon sitiyarin ne ya mutu sai na canza, ni kuma wallahi aljihun bai shirya ba. Sanyin ne ko babbar matsala ce?

Oga_Bakanike:
Wa'alaikumussalam Alhaji. Kada ka yi saurin sayen famfo. Sitiyarin motarka mai amfani da mai ne, bel ke juya famfon, famfon ya tura mai ta tiyo zuwa rak, wato ƙarfen da ke karkata tayun gaba, shi ne kake jin hannu ba nauyi. To in sanyi ya kwana a kan mota man nan yakan yi kauri, famfon sai ya sha wuya kafin ya ja shi, bel ɗin ma roba ce tana sandarewa ta riƙa sulɓewa, daga nan kukan ke fitowa. Amma fa gaskiya sanyinmu na nan bai kai na Kanada ko Rasha ba da zai takura wa mai mai lafiya, abin da sanyin wanga wuri ke yi shi ne tona asirin abin da dama ya gaji. Buɗe robar da man sitiyarin ke ciki da safe kafin ka tada, ka duba ko ya kai layin da aka sa alamar sanyi, ka duba kalarsa, in ja ne garau to alhamdulillahi, in ya koma baƙi yana warin ƙuna ko ka ga kumfa bayan ka tada to iska ta shiga ko ya tsufa, a zubar a sa sabo. Ka leƙa ƙarƙashin inda ta kwana ma, don sil, wato robar da ke hana mai zuba, na ƙanƙancewa da sanyi ya fara yoyo.

Direban_Mafara:
Oga ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara, a daina zuba kowane mai don an ga shi a galan bakin titi. Toyota irin tasa jan man giya ATF take sha, an ma rubuta a murfin, amma Honda nata daban ne, wani yaron gareji ya taɓa cika min Accord da ATF, ba a yi nisa ba ta fara zuba. Kuma masu danne sitiyari har ƙarshe su riƙe ana kuka suna ci gaba, ku ji tsoron Allah, famfon kuke kashewa.

Maman_Sadiq:
To ni tawa 2010 ce, na nemi robar man har na gaji ban gani ba, kuma ita ma ta taɓa min nauyi da safe fitilar gargaɗi ta kama.

Oga_Bakanike:
Hajiya ba za ki gani ba ai, daga 2009 na lantarki suka sa wa Corolla, babu mai babu famfo. Ke batir za ki sa a auna miki, in ya yi rauni sanyi na ƙara kwantar da shi, sitiyarin kuma wuta yake ci sosai. Ku duka biyu ku biya wajen mai faci a duba iskar tayun gaba, tana raguwa da sanyi, tayar da ta yi laushi kuwa dole hannu ya ji.

Abban_Ummi:
Na duba yau, man ya yi ƙasa kuma baƙi ƙirin, ga bel ɗin duk ya tsattsage ƙura ta cika shi. An canza duka biyun, kukan ya tafi, saura ɗan nauyi kaɗan na minti biyun farko. Oga wannan sai a bar shi ko in kawo maka ita gobe?