Neman kalmar Hausa: me za mu kira "relapse"?

Jama'a ina neman taimakonku akan wata kalma. Likitocin ƙwaƙwalwa sunada abinda suke cewa relapse, wato mutum ya bar shan hodar ibilis wata shida ko shekara ko fiye, har 'yan gida sun fara hamdala, kwatsam sai ya sake komawa. Mu da Hausa me zamu kirashi?

Wasu sunce tuban muzuru. Gaskiya ban yarda ba ko kaɗan, don tuban muzuru yana nufin tun farko ƙarya yake, alhali da yawansu wallahi da gaske suka daina. Koken, wato hodar ibilis, tana hana ƙwaƙwalwa kwashe dofamin ne, sinadarin da ke sa mutum jin daɗi, sai ya taru mutum yaji daɗi na minti 15 zuwa 30 in shaƙa yayi, in kuma ta hayaƙi ce minti 5 zuwa 10 ya wuce sai neman ƙari, to in aka ɗau shekaru a haka ƙwaƙwalwar ta riga ta haɗa hodar da wurin sha da abokan sha da kuɗi a aljihu, ganin tsohon dila kaɗai ya isa ya tada masa kwaɗayin ko an jima da rabuwa. Cibiyar NIDA ta Amurka mai binciken shaye-shaye tace kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yiwa maganin shaye-shaye suna sake komawa, kuma wannan bai wuce yadda hawan jini da asma suke dawowa masu su ba. Har yau ma babu wani magani da aka amince dashi na jarabar koken kamar yadda masu hiroyin suke da methadone.

Kalmar koma baya kuma bata dace ba, don ta tattalin arziki ce. Wani malaminmu ya kawo kome, tayi ma'ana amma kunnen Bahaushe aure zai jiyo.

Ni na tsaya akan koma-ruwa. Dama muna cewa wane ya koma ruwa, ba sabon abu bane a bakinmu, kuma likita zai iya ce wa uwa, Hajiya ɗanki yayi koma-ruwa a dawo dashi asibiti, ba tare da ya kirashi maƙaryaci ba.

Abinda ke tada kwaɗayin kuwa inaga fami zai zauna, kamar yadda ake fama miki. Masu aiki a asibitocin ƙwaƙwalwa da cibiyoyin gyaran hali, don Allah me kuke ce musu in kuna magana da iyaye?