Wannan iccen seriz ne na gaskiya ko an yi min wayo?

Ɗan Ader:
Salamu alaikum jama'a. Na sayo wani ɗan icce wajen masu dashe a Yamai, mai shi ya rantse min seriz ne (wanda Turawa ke ce wa cherry) irin na Maroko, mai ƙananan ɗiyan nan ja masu duhu da zaƙi. Na dasa shi a garkata nan Tawa, bana ya fara fure ƙanana ruwan hoda, ganyen ma ƙanana ne masu santsi. Don Allah ta yaya zan gane ko shi ne?

Malam Isa:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa da ka ce furen ruwan hoda ne ai magana ta ƙare, seriz mai zaƙi furensa fari ne tas kuma yana fitowa lokacin da ganye ke fara tsirowa bayan iccen ya kaɗe. Duba ganyen, na gaskiya dogo ne bakinsa kamar haƙoran zarto, kuma a wuyansa za ka ga wasu ƴan ƙuraje ja guda biyu. Ɗiyansa suna rataye da dogon tsinke, ƙwallo ɗaya tak a ciki. Naka ina jin asirola ce, wani icce daban mai jajayen ɗiya masu kama da seriz, ita ƙwallo uku gare ta kuma da tsami.

Maman Rabi:
Malam ya faɗi gaskiya. Kuma ko da na gaskiyar ka samu wallahi wahala za ka sha, icce ne da sai ya kwana cikin sanyi ƙasa da digiri 7 na awoyi ɗaruruwa, irin nau'o'insa da ake kira Bing da Burlat, in bai samu ba ba ya fure da kyau, mu ko da hunturu ya tsananta da wuya mu ga irin wannan sanyi, ga zafin Afrilu da ke haura 40. Shi ya sa ake nomansa a wurare irin su Turkiyya da Sefru ta Maroko can cikin duwatsu.

Ɗan Ader:
Kai, raina ya ɓaci. In tumɓuke ta ke nan?

Malam Isa:
A'a kar ka taɓa ta! Asirola tana son zafi, tana ɗiya fiye da sau ɗaya a shekara in tana samun ruwa, kuma bitamin C ɗinta ya fi na lemu nesa ba kusa ba. Sai dai ba ta ajiyuwa, ka tsinka yau a sha yau ko ka sa a firijo. In zaƙi kake nema ka haɗa mata da magarya mai aure, ita ƙasar Ader ba ta ba ta tsoro.