Renon ɗan tayin shanu a na'urar ƙananan magudanai: da me ta fi farantin gwaji?

Ɗalibar Kiwo:

Assalamu alaikum malamaina. Ina karatun digiri na biyu a fannin hayayyafar dabbobi, kuma aikina shi ne haɗa ɗan tayin shanu a ɗakin gwaji. Mukan zuƙo ƙwai daga ma'ajiyar ƙwan shanun da aka yanka, mu bar shi ya nuna na awa 22 zuwa 24, mu haɗa shi da maniyyi, sannan mu ajiye shi cikin ɗigon ruwan reno a faranti, mu lulluɓe da mai, ya zauna a inkubeta mai zafin digiri 38.5 har kwana 7. Cikin ƙwai goma, uku ko huɗu ne kawai ke kaiwa matakin bilastosis, wato matakin da ake iya dasa shi a mahaifar wata saniya. Na karanta cewa akwai na'urori masu siraran magudanan ruwa da ake renon ɗan tayi a cikinsu maimakon faranti. Shin da gaske sun fi farantin, kuma ya dace in gina bincikena a kansu?

Malamin Hayayyafa:

Wa alaikumus salam 'yata. Kafin a yi maganar na'ura, ki fara tuna inda ɗan tayi yake zama a jikin saniya. Kwana huɗun farko yana cikin bututun ƙwai ne, wuri matsattse mai ruwa kaɗan, inda gashi-gashin jikin bututun da motsin tsokarsa suke juya shi a hankali, ruwan kuma yana sauya siga yayin da yake gangarawa zuwa mahaifa. A faranti kuwa, abin da faɗinsa kusan maikiromita 150 ne kawai (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) shi ne muke ajiyewa cikin ɗigon da ya ninka shi dubbai, ruwan a tsaye cik. Sinadaran da yake fitarwa don taimakon kansa sai su narke su ɓace a yalwar ruwan, amoniyar da ke fitowa daga lalacewar sinadaran abincinsa kuma ta yi ta taruwa, ba abin da zai kwashe ta.

Wannan giɓi ne na'urar take son cikewa. Ana tona magudanai masu faɗin maikiromita ɗaruruwa kaɗan a jikin wata roba mai haske, a sa ɗan tayin a ciki, a riƙa tura ruwa sannu-sannu. David Beebe da Matthew Wheeler a Amurka suna cikin waɗanda suka fara wannan aiki a farkon shekarun 2000, kuma a 2005 aka nuna cewa haɗa ƙwan alade da maniyyi a irin wannan magudana yana rage shigar ƙwayar maniyyi fiye da ɗaya cikin ƙwai guda, matsalar da ke lalata ɗan tayi tun daga tushe. Dalilin a fili yake, domin maniyyin wucewa yake yi da ruwa, ba ya samun damar taruwa ya yi wa ƙwan dandazo.

Aikin da ya fi burge ni shi ne na Marcia Ferraz da abokan aikinta a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, wanda ya fito a 2018. Sun shuka ƙwayoyin halittar bututun ƙwan saniya a cikin na'urar har suka yi shimfiɗa, suka riƙa ba su homon, wato sinadarin jiki mai daidaita hayayyafa, kamar yadda yake hawa da sauka a jikin saniya, sannan aka yi haɗin a kansu. 'Yan tayin da suka fito, ta fuskar yadda ƙwayoyin gadonsu suke aiki, sun fi kama da na cikin saniya fiye da na faranti. A ganina fa'idar ke nan, ingancin ɗan tayin, ba yawansa ba.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, bayanin ya gamsar. Ni dai zan faɗa wa Malama abin da hannu ya taɓa. Robar da aka fi amfani da ita, PDMS, iska tana ratsa ta, abin da ɗan tayi yake buƙata, amma tururin ruwa ma yana ratsa ta, kuma idan ruwan bai fi 'yan maikirolita ba, wato ɗan ɗigo ƙanƙani, ƙafewa kaɗan ta isa ta ƙara masa gishiri har ɗan tayin ya daina rabuwa. Tana kuma shanye sinadarai masu son mai, ciki har da homon, ta yadda abin da kika auna kika zuba ba shi ne ke isa ga ɗan tayin ba. Wasu robobin da ake buga na'ura da su a injin 3D kuwa guba suke saki.

Na taɓa loda ƙwai ashirin da yamma, da safe na duba da madubin ƙara girma na tarar wani ɗan kumfan iska ya tsaya a bakin magudanar kamar toshe. Ruwa bai wuce ba duk daren, kuma da na ƙara ƙarfin famfo don in kore shi, sai ya kwashi 'yan tayin ya matse su a kusurwa ɗaya. Ba wanda ya kai kwana 7. Gudun ruwa idan ya yi yawa kashe su yake yi, an tabbatar da haka a kan 'yan tayin ɓeraye. Sannan ki tambayi duk mai sayar miki da na'ura yadda ake fito da ɗan tayi ɗaya lafiya, domin sakawa ta fi fitarwa sauƙi.

Likitan Dabbobi:

Mu da muke dasa 'yan tayin a jikin shanu, abin da muke ƙirgawa shi ne cikin da ya zauna da maraƙin da aka haifa lafiya, wanda bai yi girman da zai wahalar da uwarsa ba, da kuma ko ɗan tayin zai jure daskarewa, domin na ɗakin gwaji ya fi na jikin saniya rauni a wannan wurin. Yawancin gwaje-gwajen na'urorin nan a bilastosis suke tsayawa. Malama, idan za ki yi, ki raba ƙwan rana ɗaya gida uku da maniyyin bijimi ɗaya: ɗigon faranti, da na'urar, da kuma 'yan ramukan da ake hudawa a ƙasan faranti, dabarar da Gábor Vajta ya fitar a 2000, wadda take tsuke wa ɗan tayi wuri ba tare da famfo ba.

Ɗalibar Kiwo:

Na gode ƙwarai malamaina, Allah ya saka da alheri. Zan bi tsarin gida ukun, in ƙara da daskarar da rabin bilastosis ɗin kowane gida in ga nawa ne za su sake kumbura bayan an narkar da su. Malam Ma'aikaci, kafin ka sa ƙwai, awa nawa kake jiƙa na'urar cikin ruwan reno, kuma kana zubar da ruwan farkon ne?