Albashin malaman makarantun kuɗi: abin da aka tattauna

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai a wata hira da aka yi kan ƙarancin albashin malaman makarantun kuɗi a Najeriya shi ne, iyaye na zuba kuɗin makaranta kowane zango, amma malamin da ke tsaye gaban allo tun safe har azahar bai kai takwaransa na gwamnati albashi ba.

Mafi yawa sun ɗora laifin a kan yawan masu neman aiki. Masu takardar shaidar malanta ta NCE da digiri sun yi yawa, in ka ce a ƙara maka, gobe wani ya karɓi ajin a ƙasa da haka. Malaman gwamnati kuma suna da ƙungiyar malamai ta NUT mai tsaya musu har da yajin aiki. Na makarantar kuɗi shi kaɗai yake ciniki da mai makaranta a ofis. Wani ya tunatar cewa dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantun unguwa da yawa a nan suke.

Masu makarantu ma sun kawo kukansu: haya, man janareta, haraji, da iyayen da ke biya guntu-guntu. Akwai gaskiya a ciki, ko da yake wasu fakewa suke yi.

Shawarar da aka fi nanatawa: kada ka fara aiki sai da takardar ɗauka mai ɗauke da adadin albashi, ka tambaya ƙarara ko ana biya lokacin dogon hutu, domin nan ake cutar mutane. Ka yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, tana taimakawa ranar da gwamnati ta buɗe ɗaukar malamai.