Ayari ɗaya ya cinye min kyaftin uku a Silent Hunter III, ku taimaka

Ɗan Sabon Gari: Salamu alaikum 'yan'uwa. Wallahi na rasa yadda zan yi. Wata biyu ke nan ina buga wasan nan na jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu a tsohuwar kwamfutar yayana, sai bayan isha'i nake samun lokaci, in wuta ta ɗauke kuma shi ke nan. Jirgina samfurin VIIC ne, daga tashar St. Nazaire ta Faransa nake fita. Jiya na yi awa biyu ina bin ƙarar farfela a na'urar sauraro har na riski ayarin jiragen kaya yamma da Ailan. Na ɗaga madubin leƙe, na harba tofido (makamin da ke tafiya a cikin ruwa) huɗu, ɗaya ne ya samu. Kafin in nutse jiragen rakiya biyu sun hau kaina da bama-bamai. Kyaftin na uku ke nan da na rasa. Me nake yi ba daidai ba?

Baba Kyaftin: Ƙanina, matsalarka bin ayari ta baya. A ƙarƙashin ruwa gudun jirginka bai kai not 8 ba (not shi ne ma'aunin gudun jirgin ruwa), batir kuma ya ƙare nan da nan. Fito sama, ka yi nesa, ka zagaye su da injin dizal, ka jira su a gaba. Dare ya yi ka kutsa tsakiyarsu a saman ruwa, yadda kyaftin ɗin Jamus Otto Kretschmer ya yi wa ayarin SC 7 da jirginsa U-99 a Oktoban 1940. ASDIC, na'urar da jiragen rakiya ke gano abin da ke ƙarƙashin ruwa da ita, ba ya kama jirgin da ke saman ruwa. Ka matsa mita 600, tofido ɗaya jirgi ɗaya.

Mai Shayi: Baba, ai bai faɗi shekara ba. In 1943 yake, rada za ta gan shi tun daga nesa.

Ɗan Sabon Gari: Afrilun 1943 ne. Kuma da rana na kai harin, don da dare allona ba ya nuna komai.

Na Zinder: Ni ma haka aka yi min, sintiri goma sha ɗaya, na tara ma'aikata ƙwararru, jirgin sama ɗaya ya gama da ni a Tekun Biskay. Har yau ban sake buɗe wasan ba.

Mai Shayi: Wane tofido ka ɗauko? G7a na barin layin kumfa, da rana kai tsaye zai nuna musu inda kake. Ɗauki G7e mai batir. Kana harbawa ka nutse mita 150, ka sa a yi tsit, not 2, ka juya.

Baba Kyaftin: Nutsewa da wuri tsoro ne. Ni a 1943 ma sama nake shiga.

Ɗan Sabon Gari: G7a nake so, Malam Mai Shayi, ya fi gudu, mai batir not 30 ne kawai, sai jirgi ya kauce. Kuma ba zan koma 1940 ba bayan duk wahalar nan. In na riga na shiga ƙarƙashin jiragen rakiya, ta wane gefe zan fita?