Tambaya ga masana kifi: me ya sami titus ɗin da ke zo mana daga Legas?

Mai Tuya, Runjin Sambo:

Assalamu alaikum. Ni mai tuyar kifi ce a nan Sakkwato, da la'asar nake ɗora kasko a bakin titi, kifi da doya da yaji. Titus da shawa na fi soyawa, wani lokaci kote, kuma kwali nake sarowa mai kilo 20 daga ɗakin sanyi. Tun da zafin bana ya kankama abin yake damuna. Kwalin da na buɗe ranar Talata ƙanƙarar cikinsa ja-ja ce, ta taru a gindi wuri guda, da kifin ya saki sai ga cikin wasu ya fashe. Ban ji wari ba. Na ware masu fasasshen ciki, na soya sauran. Washegari wani tela da ke saye wurina kullum ya ce bayan ya ci fuskarsa ta ɗauki zafi, jikinsa ya yi ta ƙaiƙayi, kansa na sarawa, kuma kifin ya yi masa yaji a harshe tun bai dangwali yaji ba. Bai yi faɗa ba, amma ni na kasa barci, don yaran unguwa ma suna saye.

Don Allah, ta yaya zan gane kwali mai kyau kafin in biya? Sannan me ya sa kifin ke ta ƙanƙancewa kuɗinsa na hawa? In kifin gulbi ya fi, in koma can.

Direban Motar Sanyi:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na daɗe ina ɗauko kifi daga Apapa, bari in gaya maki abin da idona ya gani. Kifin nan yawancinsa ba a ruwan Legas ake kama shi ba, Legas tashar saukewa ce. Titus daga tekun arewacin Turai yake zuwa, wajen su Norwe da Holan, kote kuwa da yawa daga Muritaniya da Namibiya. Tun a jirgi ko a masana'antar bakin tasha ake daskarar da shi, kuma ƙa'ida ya zauna a digiri 18 ƙasa da sifili har ya iso hannunki. A tashar jirgi da wuya ya lalace. Hanya ce ke kashe shi.

Legas zuwa Sakkwato kusan kilomita 1,000 ne: Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Kontagora, Yawuri, Jega, Tambuwal. Mota ta lalace a Mokwa, ko a tsaya dogon layi a shinge, wani direban ya kashe injin sanyi don ya rage shan man dizal. Ya iso nan a watan Afirilu, zafi ya haura digiri 40, ba wuta, mai ɗakin sanyi na lissafin man janareto. Kifi ya narke, a sake daskarar da shi, a miƙo maki da tauri kamar ba abin da ya faru. Jar ƙanƙarar da kika gani jininsa ne da ya tsiyaye sa'ad da ya narke.

Ki sa a buɗe kwali a gabanki. In kwalin ya yi tabon ruwa ko ya lotsa, bar shi. Kifi mai kyau a miƙe yake, fatar titus na sheƙi da zanenta shuɗi. In ya lanƙwashe, ko gefen cikinsa ya yi ruwan ɗorawa, kitsensa ya juya. Bayan ya saki ki danna da yatsa, in gurbin bai ciko ba kada ya shiga kasko. Kuma ki lura da ɗakin sanyin da kike jin ƙarar janaretonsa da tsakar rana, can za ki riƙa saye ko da ya ɗan fi tsada.

Ɗan Mabera:

Hajiya ki huta da kifin kwali. Ga tarwaɗa da ƙarfasa a Kasuwar Daji, wasu ma da ransu. Ko ki riƙa sayen banda.

Basarke, Kwalkwalawa:

Ɗana ne ka rubuta mani. Ɗiyata, Allah shi ƙara rufin asiri. Wanda ya ce ki koma ga gulbi ya faɗi gaskiya, amma gulbin ma ba shi ne na jiya ba. Muna samari, in damina ta yi tsakiya ruwa na malale fadama, can kifi ka shiga ciyawa shi zuba ƙwai, ɗiyan su girma kafin ruwa shi ja baya. Tun da anka yi dam ɗin Bakalori a 1978, na Goronyo ya biyo baya, ruwan ba ya hawa fadama a kan lokaci kamar da. Wannan ba hannunmu.

Abin da ke hannunmu shi ne idon raga. Kalli da birgi da munka gada, ƙaramin kifi na ratsawa shi wuce. Yanzu sai ka ga yaro ya ɗinke gidan sauro ya yi taru da shi, ya kwashe ɗiyan giwan ruwa da ba su kai tsawon yatsa ba, a shanya a sayar da kwano. Wasu kuma su zuba maganin ƙwari gamalin a tafki, babba da ƙarami duk su taso. Ki dubi Argungu. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a can, kuma abin da ya sa ake fiddo giwan ruwa da sai ƙarti sun ɗauka, Matan Fada a rufe yake sauran shekara, Sarkin Ruwa ba ya bari a jefa ko ƙugiya. Mu nan wa zai hana wa?

Banda kuwa ki yi hankali. Akwai masu yayyafa mata fiya-fiya don tsutsa. In kin ga tulin banda a kasuwa ƙuda bai sauka kanta, wuce.

Malamin Kimiyya, Arkilla:

Malama, abin da ya sami telan nan ya yi kama da gubar histamin. Titus da shawa da kote suna cikin kifayen da idan suka daɗe cikin ɗumi, ƙwayoyin cuta ke haifar da wannan sinadari a namansu. Sau da yawa ba ya wari, kuma tuya ko dafuwa ko sake daskarewa ba sa kashe shi. Don haka ware masu fasasshen ciki bai isa ba, kwalin duka ya sha ɗumi. Yawanci yana lafawa cikin sa'o'i, amma in numfashin mutum ya fara sarƙewa a garzaya asibiti.

Tsadar kuwa, faɗuwar naira na ciki, tunda da dala ake sayo shi. Sai dai abin da Baba ya faɗa game da gulbi yana faruwa a teku. Ƙasashen da ke kama titus, su Norwe da Birtaniya da Tarayyar Turai da Aisland, sun shafe shekaru ba su daidaita kan rabo ba, jimillar kamunsu na wuce abin da masana suka ba da shawara, har a 2019 MSC, ƙungiyar duniya mai tantance kamun kifi, ta dakatar da shaidar kamu mai ɗorewa da ta ba wannan kifi. A Nuwadibu ta Muritaniya kuma masana'antu na niƙe dangin shawa su mai da su garin abincin dabbobi da kifin gona na ƙasashen waje, kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi ke ba da kilo ɗaya na gari. Kifin da talakan Afirka ta Yamma ke ci ke nan. Mu ma muna da dokar 1992 da ta hana manyan jirage jan raga cikin mil 5 na ma'aunin teku daga gaɓa, don a bar wa masu kwalekwale da 'ya'yan kifi wurin, amma tsaron gaɓa mai tsawon kilomita 853 ba ƙaramin aiki ba ne.

Mai Tuya, Runjin Sambo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, maganar cewa tuya ba ta kashe shi ita ta fi tsorata ni, don mu masu kasko duk mun ɗauka mai mai zafi na gyara komai. Na gaya wa matan layinmu. Mun yi shawara mu haɗa kuɗi mu riƙa saye tare, mu raba kwali da safe kowa ta ɗauki abin da za ta ƙarar a ranar, kada kifi ya kwana a firizar da ba wuta. Yau na ce a buɗe mani kwali, yaron ɗakin sanyin ya ɓata rai, amma ya buɗe.

Baba, zan gwada ƙarfasa ranar Juma'a, kuma ba zan karɓi 'yan ƙanana ba. Ƙarfe nawa masunta ke fitowa da kamu a Kwalkwalawa, kuma suna sayar wa mai ƙaramin jari kai tsaye ko sai ta hannun dillali?